Yadda Ake Horar da Kaskon Baƙin Ƙarfe da Haɗa Taki a Ƙuryar Gida

'Yar'uwa, in kina da kasko ko tanda ta baƙin ƙarfe da kika tura ƙarƙashin gado saboda tsatsa, ko don tana kama miki waina, jawo ta waje. Lafiyarta ƙalau, horo ne kawai ba ta samu ba, wato a shafa mata mai a ƙona shi har ya zama baƙar fatar da ke hana tsatsa da kamu. Na haɗa wannan bayani da na takin gida domin duk daga bakin murhu ɗaya suke tashi: ɓawon albasa, ruwan wankin shinkafa, toka da sharar tsakar gida da ake fitarwa kullum, su ne rabin kayan takin. A ƙasarmu ta rairayi, daga Ringim har Gumel, ruwa ba ya zama a gindin shuka sai da ruɓaɓɓen taki, buhun takin zamani kuwa kowa ya san inda kuɗinsa ya kai.

Tun yanzu ki riƙe maganar mai da toka. Kasko yana son mai, taki ba ya so. Taki yana karɓar toka 'yar kaɗan, kasko kuwa toka tana cinye masa horo. Yawancin ɓarnar da nake gani a gidaje daga nan take.

KAYAN AIKI

Na kasko: kaskon kansa ko tanda ko tukunya, man gyaɗa kamar rabin ƙaramin kofi, tsumman auduga mai tsabta guda biyu, ɗaya na shafa ɗaya na gogewa, soson ƙarfe, gishiri mara laushi, lemon tsami ko tsamiya, gawayi ko itacen da ke barin garwashi mai kyau, albasa guda biyu, da tsumma mai kauri na kama hannu, don hannun kaskon ƙarfe zafi yake ɗauka daidai da cikinsa. In babu man gyaɗa, kitsen sa ko na rago da aka narka aka tace ya isa, har ma ya fi wasu mayukan kanti. Ɗanyen man shanu ƙonewa yake ya bar ƙauri, sai dai soyayye. Manja kuma yakan bar danƙo, ban cika so a fara da shi ba. In babu soson ƙarfe, yashi mai laushi da guntun buhu suna yi.

Na taki: shebur ko galma, fartanya, adda, manjagara in akwai, bokiti, sanda mai tsawon kamu uku, da abin rufi irin tsohuwar zana, tsohuwar tabarma ko buhunan da suka tsufa. Sai kayan zubawa iri biyu. Busassu: karan dawa da na gero, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa, busasshen ganyen mangwaro da na darbejiya. Ɗanyu: kashin awaki da tumaki, na shanu, na kaji, ɗanyar ciyawa, ɓawon kankana da na kabewa, tsinken alayyafo da zogale, ruɓaɓɓen tumatir. Ba kwabon da za ki kashe a nan. Kada kuma ki taɓa harawa ko kowar wake, abincin dabba ne, kuma ya fi amfani in ya bi ta cikinta tukuna. Abin da suka tattake a turke ya sha fitsari, shi za ki share, shi ne ma mafi kyau.

KASHI NA ƊAYA: KASKO

1. Ki tabbata baƙin ƙarfen zubi ne. Yawancin tukwanen zubi da tandunan da ake kasawa a kasuwannin ƙauye na alminiyom ne, ko da an shafa musu baƙi. Ki tafi da mayen ƙarfe, ko na cikin tsohuwar sifikar rediyo ne. In ya manne, ƙarfe ne, in ya zame, alminiyom ne. Amma kaskon suya na falle, wanda maƙera ke bugawa daga ganga, shi ma yana kama mayen ƙarfe. Bambancin, na zubi yana da kauri da nauyin da sai kin sa hannu biyu, jikinsa kuma da ɗan kaushi. Ki ɗaga shi ki ƙwanƙwasa da cokali: mai lafiya ƙararsa tana ja, mai tsaga kuwa ƙarar nan take take mutuwa. Ki ɗora shi a daɓe ki ga ko yana rawa. In na hannu za ki saya wajen 'yan gwangwan, ki tambayi abin da aka yi da shi. Wanda aka narka dalma a ciki, ko aka dama maganin feshi, ba wankin da zai mayar da shi na abinci, ki bar shi ko kyauta ne. In kuwa na gado ne, na kaka ko na uwar miji, kin huta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai masu santsin tangaran a ciki, fari ko mai launi. Waɗannan ba a ƙona su ba a kuma horar da su, wannan bayani bai shafe su ba.

2. Wankin farko. Sabon kasko yakan zo da wani maiƙo da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa a hanya, ba kuma na ci ba ne. Ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki dirje da soson ƙarfe ciki da baya. Tsoho mai tsatsa, ki raba lemon tsami biyu ki dangwala gishiri ki goge, ko ki jiƙa shi a ruwan tsamiya mai kauri kamar rabin sa'a, kada ya wuce sa'a guda, don tsami in ya gama da tsatsa jikin ƙarfen yake komawa ci. A wannan wankin kaɗai aka yarda ki sa toka da yashi, tunda so ake a kankare komai. Ki ɗauraye har ruwan ya daina fita ja.

3. Ki busar a kan wuta nan take. Kada ki kife shi a rana ki tafi wani aiki. Ƙarfen da aka kankare kafin ki dawo ya yi ja. Ki ɗora a garwashi har danshin ya tashi kaf.

4. Horon kansa. Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake samun matsala, saboda haka ki bi a hankali. Kasko na da ɗumin da hannu zai iya jurewa, ki ɗiga mai kamar cokalin shayi guda, ki bi da tsumma ko'ina: ciki, baki, baya, hannu, in tanda ce kowane gurbi da tsakaninsu. Sai ki ɗauki tsumma na biyu ki goge sosai, har ki ga ya daina ƙyalli, ki ce a ranki ai ba sauran mai. Wanda ya rage ɗin, wanda ido ba ya gani, shi ake so. Ki ɗora a garwashi mai ƙarfi. Zai fara hayaƙi. Ki bar shi, kina jujjuya shi don zafin ya kai gefe, har hayaƙin ya ɗauke, kamar minti 15 zuwa 20. Ki kife shi ma a kan duwatsun murhu bakin ya sha zafi. Ki sauke ya huce, ki sake shafawa, ki sake gogewa, ki mayar. Sau uku ko huɗu ya isa na farko.

Abin da ke faruwa shi ne, mai in ya yi siriri ya sha zafi har ya wuce hayaƙi, daskarewa yake ya zama wata baƙar fata mai tauri da ke manne da ƙarfen. Ita ke hana tsatsa, ita ke hana kamu. In man ya yi yawa, samansa ne kawai zai ƙone, ƙasansa ya zama danƙo, ki ga kaskon ya yi dabbare-dabbare yana kama yatsa. Mata da yawa suna malala mai suna ganin gata suke yi wa tanda. In hakan ta faru, ki mayar wuta ya ƙara shan zafi. In danƙon ya ƙi, ki kankare da yashi ki sake daga fari. Kada kuma ki cusa shi cikin harshen wutar kara har ya yi ja, wannan ƙone horon yake gaba ɗaya, wani lokaci ma ya tsaga ƙarfen. A yi aikin a tsakar gida, ba cikin ɗaki ba, hayaƙin yana shaƙe mutum.

5. Suyar gwaji. Ki yanka albasa, ki soya da mai har ta yi baƙi-baƙi kina kai ta kowane lungu, ki zubar. Tana ɗauke ƙarnin ƙarfe. Makon farko ki ba shi aikin da ke da mai: ƙosai, awara, wainar rogo, fanke, suyar nama ko tarwaɗa. Ƙwai da sinasir su jira sai ya yi baƙi sosai. Sabuwar tanda kuma zubin farko yakan kama, na yara ne, kada ya dame ki.

6. Yadda ake girki da shi. Baƙin ƙarfe yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa, duk dabarar a nan take. Ki ɗora shi wayam a matsakaiciyar wuta kamar minti 5 kafin ki zuba mai. Ki yarfa ruwa da yatsa: in ɗigon ya yi tsalle yana gudu, ya yi, in ya kwanta yana tafasa a hankali, da saura. Zafi tukuna, sannan mai, sannan abinci. Da ya ɗauka ki janye itace guda, garwashin kaɗai zai riƙe shi, kuma a nan za ki ga sauƙin itace. Shi ya sa ƙosai ke kyau a ciki: kin jefa ƙullu mai sanyi, man bai huce ba, ƙosan bai sha mai ba.

Zafinsa kuwa ba ya bazuwa daidai. Inda wuta ke dukansa ya fi gefe nesa ba kusa ba. A tanda, gurbin tsakiya zai riga na baki nuna, don haka ki baza garwashin ya yi faɗi, ki riƙa juya tandar, ki fara zuba ƙullu daga gefe ki ƙare a tsakiya, ki fara juyawa daga tsakiya. Nama ko kifi in kin sa, ki ƙyale shi. Da farko zai kama, in ƙasan ya soyu da kansa zai saki. Mai gaggawar juyawa ita ke barin rabin kifinta a kasko.

Abin da ba ya so: tsami da kanwa in sun daɗe. Kunun tsamiya, miyar yakuwa, tumatirin da za a bari yana tafasa sa'a guda, duk suna ɓare horon, abincin ya fito da ɗanɗanon ƙarfe. Zoɓo da shayi baƙi suke komawa. Wake ko kuɓewar da aka sa wa kanwa da yawa su ma a ba su wata tukunyar. Suyar kayan miya ta minti goma a kaskon da ya horu ba komai. Kada dai abinci ya kwana a ciki, da an gama a juye. Kada kuma ki kwara ruwan randa a kasko mai tsananin zafi, ƙarfen zubi bai cika lanƙwasa ba, fashewa yake, kuma wanda ya tsage ya tafi ke nan.

Ƙarfen yana ɗan shiga abinci, wannan kuma taimako ne ga mai ƙarancin jini, ko da yake bai maye maganin asibiti ba. Gidan da ke da mai sikila wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, a tambayi likita kafin a mayar da shi tukunyar kullum, domin irinsu ƙarfe kan taru musu a jiki.

7. Wankin kullum. Tun yana da ɗumi ki zuba ruwan ɗumi ki goge da soso mai laushi. In abu ya kama, gishiri da ɗigon mai, a murza da tsumma. In ƙanzo ne, a tafasa ruwa kaɗan a ciki a kankare da muciya. Ɗan sabulu jefi-jefi ba ya cutar da kaskon da ya horu. Toka, omo da soson ƙarfe kuwa a'a, kuma ki gaya wa yarinyar da ke miki wanke-wanke, don hannunta ya saba dirje tukwanen alminiyom da toka har su yi fari, in ta samu kaskonki haka za ta yi masa ta kawo miki tana jiran yabo. Ba a jiƙa shi ya kwana. Ki mayar da shi kan sauran ɗumin murhu ya bushe, ki shafa ɗigon mai, ki rataye ko ki kife a kan katako. Da damina kada ki rufe tukunya ruf, ki sa tsinke a bakin murfin iska ta shiga. Ruwan wankin nan mai maiƙo a zuba shi a kwata, kada ya je ramin taki.

KASHI NA BIYU: TAKI

1. Zaɓen wuri da lokaci. Ki nemi inuwa, gindin darbejiya ko jikin danga ta inda rana ba ta daɗewa. Ya yi nisa da rijiya, taku 30 ko fiye in fili ya ba da dama, kada kuma ya kasance a inda ruwan sama zai wanko shi zuwa bakinta. Kada ya jingina da katangar ƙasa ko rumbu, don busasshen kara yana kiran gara. Ki duba kuma ta ina ɗakin maƙwabta yake. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, sa'ad da kara da ƙaiƙayi suke ko'ina. In takin damina kike nufi, kada ki wuce watan Fabrairu ko farkon Maris, don ya nuna kafin ruwa ya zauna a Yuni.

2. Rami ko tsibi. Da rani rami, da damina tsibi. Iskar hunturu da zafin bazara suna busar da tsibin da ke fili cikin kwana biyu, busasshen abu kuwa ba ya ruɓewa, sai ki dawo bayan wata uku ki tarar da karanki yadda kika zuba. Da damina kuma rami cika yake da ruwa ya yi ɗoyi, sai a yi tsibi a kan ɗan tudu. Girman: kamu biyu faɗi, kamu biyu ko uku tsawo, wato mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Zurfin rami ya tsaya a gwiwa ko ɗan sama, tulin ya ɗaga ya kai ƙugu. Wanda ya gaza haka ba ya riƙe zafi. In da mai haƙa miki, a yi rami biyu gefe da gefe, juyi zai zo da sauƙi. Ƙasar saman da aka haƙo a ware ta, za ta yi amfani. In ƙasar gidan ta yi tauri ko gidan haya ne, a kafa itace huɗu a kewaye da tsohuwar zana.

3. Tsinta da sara. Wannan ne bambancin taki da juji. A fitar da leda, kwalba, gwangwani, roba, tsumman nailan, da batir musamman, gubarsa ƙasa take shiga. Nama, ƙashi, mai da miyar da ta lalace suna kiran ɓera da gafiya da karnuka. Kashin kare, na kyanwa da na mutum, har na jarirai, ba sa shiga, mushe ma haka. Ciyawar da aka yi wa feshi a bar ta. Ƙuduji da ya yi fure a ƙone shi, irinsa ƙanana ne ƙwarai kuma yana shekaru a ƙasa da ransa. Ƙarangiya mai 'ya'ya da aya-aya su ma ban yarda da su ba, tulin gida ba kullum yake zafin da zai kashe su ba. Kara a sassara shi da adda, kada gutsure ya wuce tsawon yatsa biyu, in da hali a jiƙa shi ya kwana. Ɓuntun shinkafa, wanda ake samu a banza wajen masu injin casa, da ganyen turare suna da taurin ruɓa, a sa su kaɗan a cakuɗa da kashin kaji. Mutanen Haɗeja da ke fama da kachala, ita ma tana yi in an yanko ta kafin ta fitar da kai aka sassara.

4. Jerawa. A ƙasa ki shimfiɗa manyan karare taƙi ɗaya don iska. Sai busassu taƙi ɗaya, ki yayyafa ruwa. Sai ɗanyu da kashin dabbobi rabin taƙi. Sai ki barbaɗa ƙasar saman nan, ko tsohon taki in akwai, tafi biyu ko uku. A cikinta ƙwayoyin da ke ruɓar da kayan suke. Sai toka tafi ɗaya tak, a barbaɗe a kan busassun hawa na gaba, ba a kan kashin kai tsaye ba. Ki maimaita har ya kai ƙugu. Kusan kwando biyu ko uku na busassu ga kwando ɗaya na ɗanyu ke nan. Kada ki hau ki tattake.

Dalilin awon: busassu su ne abincin ƙwayoyin, ɗanyu da kashi su ke ba su ƙarfin ci. Busassu zalla, tulin ya yi sanyi ya zauna. Ɗanyu zalla, ya caɓe ya yi wari. Toka kuwa tana da amfani ga shuka, amma in ta yi yawa ta haɗu da ɗanyen kashi, tana korar sinadarin da ke sa ganye kore ya bi iska, shi ne zarnin da za ki ji yana hawa ido. Al'adar juye tokar murhu duka a kan kashin awaki kowace safiya asara ce. Sauran tokar ki tara a tsohon buhu inda ruwa ba ya taɓawa, a kai ta gona daban. Tokar da aka ƙona leda ko taya a ciki a zubar. Garin gawayin gindin buhu kuwa ki zuba, yana riƙe danshi.

In ba ki da dabbobi, ki roƙi sharar turken maƙwabta ko ta akurki, ko ki ninka ɗanyar ciyawa da ganye. Zai yi, sai dai ya fi jinkiri.

5. Ruwa da rufi. Ruwa shi ne wahalar wannan aiki a wajenmu, gara in faɗa miki gaskiya. Ranar jerawa tuli irin wannan kan iya shanye jarka huɗu ko biyar. Bayan nan ba sai kin ɗebo na musamman ba: ruwan wankin shinkafa, na surfe, na wankin ganye, na alwala, duk a tara a bokiti ɗaya a kai da yamma. Na wanki mai omo da yawa, da mai gishiri, da mai maiƙo, ban da su. Awon danshi a hannu yake: ki damƙo daga ciki ki matse. In ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, daidai. In ya tsiyaya, ya yi yawa. In ya warwatse, ƙishi yake ji. Ki soka sandar nan a tsakiya har ƙasa ki bar ta, ki rufe da zana ko buhu, ki ɗora ƙaya saboda kaji da awaki. In akwai masu rarrafe a gidan, a kewaye ramin.

6. Duba sanda. Kwana uku zuwa biyar, ki zaro ta da safe ki kama ƙarshen. In da zafi da danshi, wani lokaci har da turiri in da sanyin hunturu, aiki ya kankama. Tuli mai kyau cikinsa yana kaiwa digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sandar ta fito da sanyi a bushe, ƙara ruwa. In da sanyi da danshi, ɗanyu ne suka gaza, a buɗe a ƙara kashin kaji ko na awaki. In ta fito da santsi da ɗoyi, ruwa ya yi yawa iska ta toshe, a baje a ƙara ƙaiƙayi. In kin ga fari-fari a cikin tulin, ko tururuwa da gara sun kafa gida, bushewa ce.

Sharar kicin ta kullum kuma kada ki watsa a sama, ƙuda za ta tara. Ki tona gefe ki binne, ki rufe da busasshen ganye. Da tulin ya cika ya ɗau zafi, ki daina ƙara masa, ki fara tara sabo a gefe.

7. Juyi. Bayan mako biyu, zafin zai fara sauka. Ki kwashe ki juye a rami na biyu, na gefe da na sama su koma tsakiya, na tsakiya ya dawo gefe, kina yayyafa ruwa a duk inda ya bushe. Da shebur ko manjagara za ki yi, da takalmi a ƙafa, kada ki cusa hannu, kunama da maciji suna son ɗumin gindin tuli. Ki sake bayan kowane mako biyu ko uku. Manyan fararen gwazarma da za ki tono ki watsa wa kaji, kada su bi taki zuwa gindin shuka. Wadda ba ta da ƙarfin juyi, ko mai tsohon ciki, ta soka sanduna uku ko huɗu tun ranar jerawa, ta riƙa girgiza su tana zarewa don iska ta shiga. Zai nuna, amma sai wata biyar ko shida maimakon biyu zuwa uku.

8. Gane ya nuna. Tulin ya sauka zuwa kusan rabi, ya yi baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, ba kya gane wannan kashi ne wannan ganye ne, ko an juya ba ya sake zafi, kuma ƙamshinsa irin na ƙasar da ruwan fari ya daka. In kina shakka, ki cika gwangwani da shi gauraye da ƙasa, ki watsa irin alayyafo. In ya tsiro kore, ya nuna. In ya ƙi fita ko ya yi rawaya ya kwanta, a ƙara masa mako biyu. Guntayen karan da ba su ruɓe ba a tsince su, su za su fara sabon tuli.

9. Ajiya da zubawa. A bar shi a inuwa a rufe, ko a ɗura a buhu, har ruwa ya kusa. Na san an saba kai taki gona da mangala tun tsakiyar rani a tsibe shi a rana. Don sauƙin jaki ake yin haka, amma rana da iskar wata uku suna tafiya da ƙarfinsa. In dole ne a kai da wuri, a yi tsibi ɗaya babba a rufe da ƙasa. Takin rami ɗaya ba zai rufe gona ba, don haka kada a watsa. A sa tafi ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka a gauraya da ƙasa, irin yadda manoman Tawa a Nijar suke yi a ramukansu na tassa. A fangalin alayyafo, albasa ko tumatir, a shimfiɗa kaurin yatsa biyu a kafce shi ciki. Zogale, gwanda da mangwaro a zagaye musu da shi a ɗan nesa da jikin itacen, a rufe da ƙasa a ba da ruwa.

Kada ki ɗauka ya maye buhun takin zamani gaba ɗaya. Yuriya kashi 46 cikin 100 na sinadarin da ke sa ganye kore gare ta, takin gida kuwa bai fi kashi 1 zuwa 2 ba. Aikinsa daban ne: yana sa rairayi ya riƙe ruwa, ya kuma riƙe ɗan takin zamanin da aka sa kada ruwan sama ya wanke shi ƙasa. Masara dai za ta nemi ƙari; awon da ya dace da gonarku a tambayi malamin gona na JARDA, hukumar aikin gona ta Jigawa, ko na KNARDA ga mutanen Kano. Ganyen da ake ci ɗanye, irin latas da kabeji, kada a sa musu sai takin da ya nuna sarai, kuma duk wanda ya taɓa tulin ya wanke hannu da sabulu kafin ya koma bakin murhu.